LOKACIN ƊALIBI NA WANE NE?

Akwai wata tambaya da ta ke damun samari da 'yammata masu-karatu a jami'o'in ƙasarmu, tana kuma damun iyayen da suka aike su. Ga karatu mai-nauyi, ga sana'ar da ɗalibi ya ke taɓawa a gefe domin ya ci abinci ko domin ya shirya wa kansa gaba, ga kuma jiki yana roƙon hutu. Dukansu suna miƙa hannu ga yini guda, yinin kuwa ba ya ƙaruwa. Wanne za a ba, wanne za a hana?

Mutane da yawa suna tsammani maganar dabara ce kawai, watau a sami takarda a tsara sa'o'i, shi ke nan. Dabara tana da amfani, za mu kuwa zo kanta. Amma kafin mutum ya raba abu, sai ya san ko na wane ne. Mai-rabon kayan kansa yana da iko ya yi yadda ya ga dama, amma wanda aka ba ajiya ba shi da wannan iko. Saboda haka, ɗan'uwa mai-karatu, bari mu fara da wannan: shekarun nan huɗu ko biyar ko shida da ɗalibi ya ke yi a jami'a, nasa ne, ko kuwa ajiya ce a hannunsa?

JIYA DA YAU

Sa'ad da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ɗalibanta 104 ne kaɗai. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa an buɗe ta ran 4 ga Oktoba 1962. Ɗaliban wancan zamani ba su da yawa, an kuwa ɗauke masu nauyin duniya. Akwai gado, akwai ɗakin cin abinci, gwamnati ce ta ke biyan mafi yawan kuɗin. Har a 1978, da aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, zanga-zanga ta tashi a jami'o'i, aka yi hasarar rayuka a Legas da Zariya. Daga baya aka daina ciyar da ɗalibai gaba ɗaya.

Ɗalibin yau shi ke dafa abincinsa, shi ke ɗibar ruwansa, sau da yawa kuma ɗaki ya ke haya a bayan makaranta domin gadajen ciki ba su isa ba. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka hau, jami'o'in tarayya da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista a shekarar. A 2024 aka kafa dokar ba ɗalibai rance, aka fara ba waɗanda suka samu naira 20,000 a wata domin ɗawainiyarsu. Taimako ne, amma duk wanda ya ke zuwa kasuwa ya san iyakarsa. Ban da wannan akwai yajin aikin malamai. A 2020 jami'o'in gwamnati sun yi wata tara a rufe, daga Maris zuwa Disamba. A 2022 sun yi wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A cikin waɗannan watanni ɗalibai da yawa suka koyi ɗinki, da aski, da gyaran waya, da rubuta manhajar kwamfuta, waɗansu suka buɗe rumfar cire kuɗi, waɗansu suka koma gona. Da aka buɗe makaranta ba su yar da sana'ar ba, suka shigo da ita aji.

Saboda haka dattijon da ya yi karatu a zamanin ɗakin cin abinci, kada ya yi saurin cewa yaran yanzu ba su son karatu. Kayan da su ke ɗauke da shi ba irin nasa ba ne.

BARI MU YI LISSAFI

Mako guda sa'a 168 ne, ga mai-kuɗi da matalauci duka. Masana lafiya sun ce baligi yana bukatar barcin sa'a 7 ko fiye kowane dare. Wannan ya ɗauke 49, saura 119.

Bisa ga ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ɗalibi ya kan ɗauki kwasa-kwasai masu-nauyin awo 15 zuwa 24 a zango guda. Awo ɗaya shi ne lacca ta sa'a guda kowane mako har mako 15, ko kuwa kamar sa'a uku a ɗakin gwaje-gwaje. Amma zaman aji somin-taɓi ne, gama abin da aka ji sai an koma an tauna shi. A ƙasashen Turai sun ƙiyasta aikin ɗalibi na shekara, da na aji da na ɗaki, ya kai sa'a 1,500 zuwa 1,800, watau kusan sa'a 40 a mako, daidai da aikin ma'aikacin ofis. Masu-karatun likita da na injiniya nasu ya fi haka. Bari mu sa 45. Saura 74.

Girki, da wanki, da wanka, da layin ruwa, da tafiya zuwa aji da komowa, da sujada, da gaisuwar mutane, in an ba su sa'a 4 a yini ba a yi almubazzaranci ba. Wannan 28 ke nan. Saura 46.

To, daga cikin 46 ɗin nan ne sana'a da hutu za su ci. Idan sana'a ta ɗauki 20, an bar wa mutum 26, watau ƙasa da sa'a huɗu a yini. Wannan mai-yiwuwa ne. Amma idan sana'a ta ɗauki 40, abin da ya rage 6 ne a mako duka, ko sa'a guda a yini bai cika ba. Babu mai-iya zama haka. Tilas ya nemo lokaci daga wani wuri, wuraren kuwa biyu ne kaɗai, ko barci ko karatu. Lissafi ba ya jin roƙo. Duk sa'ar da aka ba wani abu, daga bakin wani aka cire ta, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

SU WANE NE KE DA HAKKI?

Na fari su ne waɗanda su ke biya. Akwai uban da ya sayar da buhunan masara tun farashi bai tashi ba domin kada a rufe rajista. Akwai uwar da ta kwashe adashinta, da yayan da ya jinkirta aurensa. Ba sadaka suka yi wa jami'a ba. Sun saya wa ɗansu lokaci ne, domin ya zauna ya koya sa'ad da tsaransa su ke gona ko kasuwa.

Na biyu su ne mutanen ƙasa. Kuɗin da ɗalibi ya ke biya a jami'ar gwamnati bai kai abin da a ke kashewa a kansa ba. Albashin malamai da gine-gine daga baitulmali su ke fitowa, watau daga dukiyar kowa, har da manomin da bai taɓa taka ƙofar jami'a ba.

Na uku shi ne wanda bai sami wuri ba. A 2024 kusan mutum miliyan 2 suka yi rajistar jarrabawar shiga manyan makarantu, kujerun kuwa ba su ishe su ba. Kujerar da wani ya bari wofi ran Litinin da safe, akwai wanda ya yi kuka domin bai same ta ba.

Na huɗu ba a ganinsu tukuna, amma hakkinsu ya fi na kowa nauyi. Su ne mutanen da za su dogara ga ilimin ɗalibin nan gaba. Matar da za a kawo asibiti da tsakar dare ba za ta tambayi likita ko yana aji ran da aka koyar da ciwonta ba. Masu-hawa gada ba su duba takardun wanda ya zana ta. Yaran ƙauye ba su da hanyar sanin ko malaminsu ya san lissafin da ya ke koya masu. Dukansu sun ba da gaskiya ga takardar shaida, takardar kuwa alkawari ce cewa mai-riƙe da ita ya san abin da aka rubuta a jikinta.

Amma kada mu tsaya nan, gama ɗalibi ba bawa ba ne. Shi ma mutum ne, ƙuruciyarsa kuwa sau ɗaya za ta zo. Yana da hakki ya yi abokai, ya yi dariya, ya gwada hannunsa a kan abin da zuciyarsa ta ke so. Yadda maganar ta ke, lokacin nasa ne, amma akwai bashi a kai. Kamar manomin da ya ranci iri ne. Gonar tasa ce, shi ke zaɓen inda zai shuka me, amma in kaka ta yi, sai ya auna wa mai-iri nasa tukuna kafin ya kira makaɗa.

WAKE DA ƘUDUJI

Yanzu bari mu saurari masu-goyon bayan sana'a, gama suna da hujja mai-ƙarfi. Suna cewa: ga masu-digiri nan birjik suna yawo da takardu babu aiki, wanda ya fita da sana'a a hannu kuwa ba ya kwana da yunwa. Suna cewa abin da a ke koyarwa a waɗansu azuzuwa ya tsufa, kasuwa ta wuce shi. Wannan ba ƙarya ba ne duka. Gwamnati ma ta yarda littafi kaɗai bai isa ba, shi ya sa tun 1973 Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda hedkwatarsa ta ke Jos, ya fara tsarin aika ɗalibai ma'aikatu su yi watanni suna koyon aiki da hannu. Ashe sana'a ba abokiyar gābar karatu ba ce bisa ga halittarta.

Manomin ƙasarmu ya san wannan. Ya kan shuka wake a tsakanin kunyoyin gero. Waken ba ya cutar geron, har ma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, a ƙarshe a sami hatsi a sami wake a sami harawa. Amma akwai wani tsiro da shi ma ya ke fitowa a tsakanin gero, watau ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Furensa kyakkyawa ne, amma saiwarsa tana maƙale da ta geron a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse shi, tun kafin ma ya leƙo waje. Yaya manomi zai san wanne ne a gonarsa? Ya dubi geron. In yana tsaye da ƙarfinsa, lafiya. In ya tsumbure ya yi rawaya, akwai ɓarawo a ƙasa, komai kyan furensa. Haka ɗalibi zai auna sana'arsa. Kada ya dubi kuɗin da ta ke kawowa kaɗai, ya dubi sakamakonsa na zangon da ya wuce, ya kuma tambayi kansa ko yana gane abin da a ke koyarwa har yanzu.

Masu-sana'a a jami'a iri biyu ne, bai kuwa kamata a yi masu shari'a ɗaya ba.

Akwai wanda tilas ce ta sa shi. In bai yi aski da maraice ba, babu abincin gobe. Wannan babu abin kunya a kansa, ya ma cancanci girmamawa, gama ciki wofi ba ya riƙe karatu. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya san gwargwadon bukatarsa ya tsaya nan. Ya zaɓi aikin da shi ke da iko da sa'o'insa, kamar kitso ko koyar da yara da maraice, maimakon wanda zai tsare shi a lokacin lacca. In nauyin ya yi yawa, ya tafi wurin malamin da ke ba ajinsu shawara tun zango bai yi nisa ba, a duba ko zai rage kwasa-kwasai. A Ingila da Amurka, baƙon ɗalibi ba a yarda ya yi aikin kuɗi fiye da sa'a 20 a mako ba muddin a na cikin zango. Ba mu ce lambar nan doka ce ga kowa ba, amma ta yi daidai da lissafin da muka yi a sama.

Akwai kuma wanda sha'awa ce ta sa shi. Ana aiko masa da abin da ya ishe shi, amma ya ɗanɗana kasuwanci ko rubuta manhaja ko ɗaukar hoto, ya ji daɗi. Haɗarinsa ya fi na wancan, domin sana'a tana biya yau, karatu kuwa sai bayan shekaru. Mai-ciniki yana yaba maka nan take, kuɗi yana shiga waya kana ji, amma babu mai-tafa maka domin ka zauna a laburare ka gane babi mai-wuya. Zuciyar mutum kuwa tana karkata wajen abin da ke biya da wuri.

Irin waɗannan su kan kawo labarin Bill Gates, wanda ya bar Jami'ar Harvard a 1975 ya kafa Microsoft, da Mark Zuckerberg, wanda ya fara Facebook a ɗakin kwanansa na Harvard a 2004 ya bar karatu. Labarin gaskiya ne. Amma mu lura da abu biyu. Mutanen nan daga gidajen masu-hali suka fito, da abin ya lalace da akwai inda za su koma. Sa'an nan kuma, muna jin labarinsu ne domin sun ci nasara. Waɗanda suka bar karatu saboda wani shiri, shirin ya rushe, babu mai-rubuta labarinsu. Wanda ya ke auna haɗarin kogi da bakin waɗanda suka haye kaɗai, bai ji rabin labari ba.

Duk da haka, mai-yiwuwa ne wani ya tabbata cewa sana'ar ce hanyarsa. In haka ne, akwai ƙofa ta gaskiya. Ya zauna da waɗanda su ke biya masa, ya faɗa masu a fili, ya nemi jami'a ta ɗage masa karatun ko kuwa ya bar kujerar ga wani. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya riƙa karɓar kuɗin makaranta da sunan ɗalibi, alhali zuciyarsa da ƙafafunsa sun daɗe da barin aji. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

INDA ƘARYA TA KE SHIGOWA

A nan ne maganar lokaci ta ke juyewa ta zama maganar gaskiya. Mutumin da ya yi alkawarin sa'o'in da ba shi da su, da ƙarya zai cike giɓin. Jami'o'i da yawa suna bukatar ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin ya zauna jarrabawa, sai ya roƙi aboki ya sa masa hannu a takardar halarta. Aikin gida ya taru, sai ya kwafe na wani, ko ya sa na'ura ta rubuta masa ya miƙa bai ko karanta ba. Binciken shekarar ƙarshe ya zo, sai ya biya a rubuta masa. Mai-kaya ya zo karɓar ɗinkinsa, sai a ce masa gobe, goben da ba ta zuwa. Aka bugo waya daga gida a na tambayar karatu, sai ya ce lafiya lau.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya tashi da safe da niyyar zama maƙaryaci. Taura biyu ya sa a baki, da ta ƙi taunuwa ya fara ɓoye-ɓoye. Hali kuwa haka ya ke ginuwa, tubali bisa tubali. Wanda ya saba a sa masa hannu a aji, ba zai ji nauyin sa hannu a kan aikin da ba a yi ba sa'ad da ya zama babba a ofis.

HUTU SATA NE?

Akwai kuma ɗalibin da ya kauce ta ɗaya gefen. Yana jin nauyin bashin nan ƙwarai, har ya ke ganin duk sa'ar da ya kwanta ya ci amanar iyayensa. Yana kwana a aji da littafi har gari ya waye, yana jiƙa ƙafa a ruwan sanyi, yana cin goro da shan kofi domin ya kori barci. Niyyarsa mai-kyau ce, amma ya yi kuskuren lissafi.

Tun 1885 wani Bajamushe mai-suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya kaɗan-kaɗan cikin kwanaki da dama ya fi zama a kai bisa ga wanda aka ɗura a zama ɗaya. A 1924 waɗansu masana biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka gwada ɗalibai suka tarar mutum ya fi tuna abin da ya haddace in ya yi barci bayansa, bisa ga in ya yi sa'o'in nan a farke. A 1997 aka yi wani gwaji a Ostireliya, aka ga wanda ya yi sa'a 17 bai runtsa ba, hankalinsa da hannunsa sun yi rauni kamar na wanda ya sha barasa. Har wa yau, a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an rubuta lissafin aikin ma'aikatan harsashi a Ingila, yawancinsu mata. A 2014 wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Stanford, John Pencavel, ya sake duba lissafin. Ya tarar bayan kamar sa'a 49 a mako amfanin kowace ƙarin sa'a yana raguwa, har wadda ta yi sa'a 70 ba ta fi wadda ta yi 56 da wani abin kirki ba. Ya kuma tarar hana ranar hutu guda a mako yana rage yawan abin da a ke ƙerawa. Ashe wanda ya saci barcinsa ya ba littafi, littafin ma bai amfana ba. Gonar da a ke nomawa kowace shekara ba taki ba hutu, ta kan gaji. Kakanninmu sun san amfanin saura.

Amma kada mu ce hutu yana da daraja domin yana gyara mutum ya ƙara aiki kaɗai. Haka a ke hutar da jaki. Kalmar da Turawa su ke kiran makaranta da ita ta fito ne daga wata kalmar Helenanci mai-ma'anar sarari, watau lokacin da mutum ba ya cikin hidima. Mutanen dā sun gane cewa tunani ba ya tsirowa cikin gaggawa. A hira da abokin da ke karanta wani fanni dabam, da wasan ƙwallo da maraice, da ziyarar marar-lafiya, da zama shiru, a nan ne ɗalibi ya ke zama mutum. Wanda ya fita da digiri mai-daraja ta ɗaya amma bai san sunan maƙwabcin gadonsa ba, akwai darasin da ya faɗi.

Sai dai a bambanta hutu da abin da ya yi kama da shi. Mutum ya kwanta da waya a hannu yana jan hotuna har sa'a uku, ya tashi ido ya yi ja, zuciya ba daɗi. Wani yana cacar ƙwallo ta waya yana kiranta shaƙatawa, tana cin kuɗin abincinsa da kwanciyar ransa. Ma'aunin mai-sauƙi ne: hutun gaskiya, in ka tashi daga gare shi, ka kan ji ƙarfin komawa aiki.

ZUCIYA TANA RUƊIN MAI-ITA

Me ya sa masu-hankali ma su ke faɗawa cikin wannan rami? Domin mutum ba ya iya ƙiyasta lokacin aikinsa daidai. A 1994 masana a Kanada suka tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe kwana nawa zai ɗauke su su gama rubutun bincikensu. Matsakaicin amsarsu kwana 34 ne. Aka ce, to, in komai ya lalace fa? Suka ce kamar 49. Da aka bi sawu, sai aka ga ya ɗauke su kwana 55 da ɗoriya, ya wuce ma mafi munin zatonsu. Ba malalata ba ne. Sa'ad da mutum ya ke shiri, ba ya sa zazzaɓi da ɗaukewar wuta da rasuwar dangi a lissafi, su kuwa ba su fasa zuwa. Maganin abin shi ne, kada ka tambayi zuciyarka kwana nawa aikin nan zai ci. Ka tuna kwana nawa irinsa ya ci bara.

SHAWARA GA ƊALIBI

1. Ka yi mako guda kana rubuta inda kowace sa'a ta tafi, ba tare da gyara lissafin ba. Abin da za ka gani zai ba ka mamaki.

2. Ka fara ware na barci da na aji da na bita. Abin da ya rage shi ne za ka yi ciniki da shi.

3. Kada ka riƙe sana'a fiye da ɗaya a cikin zango. Manyan shirye-shirye ka ajiye su sai dogon hutu.

4. Tun kafin makonnin jarrabawa ka gaya wa masu-hulɗa da kai cewa za ka rufe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

5. Ka koyi cewa a'a da ladabi. Gara mutum ya ji haushinka yau domin ka ƙi aikinsa, da ya kira ka maƙaryaci gobe.

6. Ka tsare yini guda a mako, ko rabinsa in guda bai samu ba, wanda babu littafi babu ciniki.

7. Kada ka yi wani shiri da lokacinka wanda ba za ka iya faɗa wa mai-biya maka kuɗin makaranta ba. In ka ga kana ɓoyewa, ka riga ka san amsar.

GA IYAYE DA MALAMAI

Bashin nan ba a wuyan ɗalibi kaɗai ya ke ba. Uban da ba ya aika komai amma yana neman sakamako mai-daraja ta ɗaya, yana neman girbi inda bai zuba taki ba. In babu abin aikawa, a faɗa wa yaron gaskiya, a yarda masa ya yi sana'a, a kuma rage masa aike-aiken gida. Iyayen da suka ga ɗansu ya fara samun 'yan kuɗi suka jibga masa nauyin ƙannensa, su tuna suna cin irin da aka ajiye domin shuka. Ku riƙa tambayarsu ko suna barci, ko suna cin abinci, kada tambayar ta tsaya kan maki kaɗai.

Malami kuma ya sani, in ya bar ɗalibai 300 suna jiransa sa'a guda bai zo ba, bai kuwa aiko ba, sa'a 300 ya zubar, a cikinsu har da ta yarinyar da ta rufe rumfarta domin ta zo. In ya tara aikin wata uku ya ɗura cikin mako biyu, shi ma yana da hannu a cikin kwafe-kwafen da zai kama. Mai-neman a girmama lokacinsa, sai ya girmama na ƙananansa.

Ya kai ɗalibi, ba a ce ka zama na ɗaya a aji ba, gama ba kowa zai zama ba. Abin da a ke nema gare ka shi ne, ran da za a miƙa maka takardar nan, abin da aka rubuta a jikinta ya zama gaskiya, lafiyarka tana nan, kana kuma iya duban idon waɗanda suka ɗauki nauyinka. Mako mai-zuwa ma sa'a 168 ne. Ka zauna yau ka raba su tun ba su raba kansu ba.